Gubar Dalma: Abin Da Jini, Ƙidaya Da Ƙasa Suka Nuna A Zamfara

Tun kafin a fara binne yara, agwagi ne suka fara ƙarewa. Mutanen wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara sun ba da labari daga baya cewa a farkon shekarar 2010 sun lura agwagin da ke kiwo a kududdufai da tsakar gidaje suna ta raguwa, amma ba wanda ya ɗauki abin da nauyi, tun da mutuwar tsuntsun gida ba baƙon abu ba ne a karkara. Ba a jima ba ciwo ya faɗa wa ƙananan yara. Yaro ya kan fara da amai da ciwon ciki, ya ƙi abinci, jikinsa ya yi laushi, sa'an nan jijjiga ta kama shi ya shiɗe, cikin 'yan kwanaki a kai shi makwancinsa. A wani gidan a rasa ɗaya, a wani a rasa biyu ko fiye.

Iyaye da ma'aikatan lafiya duk sun ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko kuwa sanƙarau, domin lokacin zafi ne, alamun kuma sun yi kama. A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF, waɗanda ke yawon bin sawun sanƙarau a yankin, suka tarar yawan yaran da ke mutuwa ya wuce kima. Aka ba marasa lafiya maganin zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta, ciwo ya ƙi ji. Sai da aka ɗebi jinin waɗansu yara aka aika wani ɗakin bincike a Turai, kana gaskiya ta bayyana, ashe dalma ce ta cika musu jini. Kafin a shawo kan lamarin, yara fiye da 400 sun riga mu gidan gaskiya, kuma masana sun lissafa wannan annoba cikin mafi muni irinta da aka taɓa rubutawa a duniya.

Dalilin da ya sa wannan fili ya waiwayi maganar shi ne, a bayan annobar an yi bincike iri uku, na ƙidayar mutane, da na awon ƙasa, da na aikin magani, kuma an buga sakamakonsu a manyan mujallun likitoci na ƙasashen waje da harshen da mutanen Dareta da Bagega ba sa karantawa. Duka ukun kuwa sun taru a kan magana guda, watau likita ba ya iya warkar da yaron da zai koma ya zauna a kan ƙasar da ta sa masa ciwo, kuma ko an cire dalma daga jini, ɓarnar da ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta komawa.

ƘIDAYA GIDA-GIDA

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda ake awon. Likitoci kan duba maikurogiram nawa na dalma ke cikin kowace desilita ta jini. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuwa kashi ɗaya ce cikin goma na lita. Don sauƙi, daga nan lambar kawai za a riƙa ambata. Bisa ga ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2021, idan jinin mutum ya nuna 5 tilas ne a nemo inda dalmar ke fitowa a toshe, idan kuwa na ƙaramin yaro ya kai 45 sai a ba shi maganin fitar da ita.

A watannin Mayu da Yuni na 2010, jami'an Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, watau CDC, tare da takwarorinsu na Nijeriya, suka bi ƙauyukan Dareta da 'Yargalma gida-gida suna tambayar iyaye. Suka sami cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda da ta gabata, watau ɗaya daga cikin kowane huɗu. Mafi yawansu jijjiga suka yi kafin su cika. Aka auna jinin yara 204 daga cikin waɗanda ke raye, ba a sami ko ɗaya mai jini lafiyayye ba, kuma kashi 97 cikin ɗari sun kai 45 ko sun haura. 'Yar na'urar da aka je da ita iyakar abin da take iya karantawa 65 ne, to yara da dama sun zarce nan, sai dai ta nuna alamar cewa abin ya fi ƙarfinta.

Akwai abin lura a nan wanda bai kamata a tsallake ba. Ba daga littafin asibiti aka samo waɗannan alƙaluma ba, ba kuma daga rajistar haihuwa da mutuwa ba, daga bakin iyaye aka tattaro su bayan mai aukuwa ta auku. Ƙauye ya rasa rubu'in 'ya'yansa cikin shekara, amma labari bai isa inda ya kamata ba sai da baƙi masu neman wata cuta daban suka ci karo da shi. Da a ce akwai mai rubuta kowace mutuwa a littafi, yana aika lissafi hedkwatar ƙaramar hukuma duk ƙarshen wata, da tun a watannin farko wani ya ga lambar ta kauce hanya ya yi tambaya.

ABIN DA AKA TARAR A ƘASA

Wannan ƙidaya ta kuma tono tushen ciwon. Kashi biyu cikin uku na gidajen da aka shiga, ana sarrafa dutsen zinariya a cikinsu. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya a waɗannan shekaru, domin oza guda da ba ta kai dala 300 ba a 2001, a 2010 ta haura dala 1,200. Manomin da gero da dawa ba sa kai shi ƙarshen shekara sai ya ga ga arziki a bayan gari. Maza su haƙo dutse daga rami su kawo gida a buhuna, a farfasa shi da guduma, a daka a turmi ko a kai injin niƙa irin na hatsi, a wanke garin a tace, a shanya a tsakar gida. Mata da yara duk suna sa hannu.

Rashin sa'ar da aka yi ita ce, jijiyar dutsen da aka faɗa wa a wancan lokaci tana ɗauke da dalma mai ɗimbin yawa. Niƙa shi a bushe sai ya tayar da ƙura mai laushi kamar garin tuwo, ta sauka a ƙasa da tabarmi da kwanuka da hatsin da aka shanya. Masu awo suka zo da wata na'ura ta hannu, wadda ake kafa bakinta a ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin nan take. A lokacin, iyakar da Amurka ta yarda da ita a filin wasan yara kashi 400 ne cikin miliyan. A waɗannan ƙauyuka galibin gidaje sun wuce haka, a waɗansu wuraren ma an sami fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, ma'ana in aka auna kilo goma na ƙasar wurin, kilo ɗaya dalma ce tsantsa.

Masana duwatsu na gwamnatin Amurka sun ƙara da wani bayani a binciken da suka buga a 2013. Asalin dalmar da ke cikin dutsen irin wadda ake kira galina ce, amma ruwa da iska na shekaru aru-aru sun juya mafi yawanta zuwa wani nau'i mai saurin narkewa. Da suka jiƙa ƙurar a ruwa mai tsami irin na cikin ɗan Adam, sai suka ga dalmar ta narke da yawa ƙwarai. Ke nan abin da yaro ya haɗiya ba wucewa yake yi ya fita ba, jini yake shiga.

Me ya sa yara suka fi manya jin jiki, alhali manyan ne ke aikin? Yaro mai rarrafe a ƙasa yake wuni, hannunsa kullum a baki, duk abin da ya tsinta sai ya ɗanɗana. Bugu da ƙari, hanjin yaro ya kan tsotsi dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke tsotsa, in kuwa yaron yana fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki, abin ya daɗa ƙaruwa. Jiki ya kan ɗauki dalma tamkar sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, sai ya kai ta ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya kuma ajiye ta cikin ƙashi da haƙora, inda take iya zama shekaru gommai. Yarinyar da ta tara dalma a ƙashinta, ran da ta girma ta sami ciki, dalmar na iya sakowa cikin jini ta isa ga ɗan tayi.

MAGANI DA IYAKARSA

Maganin da aka yi amfani da shi a Zamfara wata ƙwaya ce da ake kira DMSA. Aikinta shi ne ta damƙe dalmar da ke yawo a jini, su fita tare ta fitsari. MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka, kuma likitocinta sun rubuta abin da suka gani dalla-dalla. A rahoton da suka buga a mujallar PLoS Medicine a 2014, sun ba da lissafin zagayen magani 3,180 da aka yi wa yara 1,156 tsakanin Yunin 2010 da Yunin 2011. Kafin wannan lokaci babu inda aka taɓa jarraba wannan ƙwaya a kan yara masu yawa haka da ciwo mai tsanani haka. Sakamakon ya nuna dalmar jini tana sauka, mace-mace sun ragu ainun, ba a kuma ga wata mummunar illa daga maganin ba. An kuma lura cewa ya fi aiki a inda ma'aikaci ya tsaya ya ga yaro ya haɗiye ƙwayar da idonsa. Amma fa da yawa daga cikin yaran sai da aka maimaita musu zagaye bayan zagaye, domin da zarar an tsaya, dalmar da ke ɓoye a ƙashi sai ta sake malalowa cikin jini.

Wannan nasara ce, ba mai musun haka. Sai dai akwai wani bincike da ya riga wannan, wanda ya kamata a ajiye su kafaɗa da kafaɗa. A shekarar 2001 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a waɗansu biranen Amurka kan yara 780, 'yan wata 12 zuwa 33, waɗanda dalmar jininsu ke tsakanin 20 da 44. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka ba su wannan magani, rabi kuma aka ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta. Dalmar jinin waɗanda suka sha magani na ainihi ta fi saurin sauka. Amma da aka yi musu gwajin kaifin basira bayan shekara uku, sai aka tarar ba su fi 'yan uwansu da komai ba. Aka sake gwada su suna da shekara bakwai, labarin bai sake ba.

Ma'anar wannan a fili take. Ƙwayar tana ceton ran yaron da dalma ta kai bakin kabari, amma ba ta mayar masa da basirar da ya rasa. A cikin yaran Zamfara da suka tsira akwai waɗanda suka makance, da waɗanda suka shanye, da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Akwai kuma dubbai da ba a ganin komai a jikinsu, waɗanda sai a aji ne malami zai ga yaro ba ya riƙe karatu, ba ya iya zama wuri ɗaya, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, alhali ba laifinsa ba ne.

A FARA YI WA ƘASA MAGANI

Saboda haka likitocin suka kafa sharaɗi, wanda da farko ya yi kama da rashin tausayi, cewa ba za a sa yaran ƙauye a kan magani na dogon lokaci ba sai an tsabtace ƙauyen. Hujjarsu ita ce, ba yaro magani da safe ya koma ya ci ƙurar da yamma, ɗiban ruwa ne da kwando. Injiniyoyin kamfanin TerraGraphics na Amurka da ƙungiyar Blacksmith Institute, tare da ma'aikatan muhalli na jiha da mutanen ƙauyukan kansu, suka kama aikin. Sarakunan yankin suka ba da umarnin a fitar da aikin dutse daga cikin gari. Aka riƙa kankare saman ƙasar kowane gida da fartanya da shebur, a zuba a buhuna a kai wani rami da aka tanada a binne, sa'an nan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Tsakanin Yunin 2010 da Maris na 2011 aka gama ƙauyuka bakwai, watau Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza.

Bagega, wadda ta fi su duka girma, ita ce ta sha jira. MSF ta yi ta shelar cewa yara wajen 1,500 na can suna buƙatar magani amma ba halin farawa. A watan Mayun 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 domin wannan aiki, amma kuɗi ba su fito ba sai ƙarshen Janairun 2013, bayan matsin lamba daga ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da wasu matasan Nijeriya irin su Hamzat Lawal, waɗanda suka yi ta kururuwar a ceci Bagega. A cikin 2013 aka tsabtace garin. Duk watan da takarda ta kwana a kan teburin ofis a Abuja, yaran Bagega a kan wannan ƙasa suka yi rarrafe.

Rahoton ƙarshe na aikin, wanda aka buga a 2016, ya nuna an kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da mita 27,000 na murabba'in zurfi daga gidaje da wuraren aiki 820 a ƙauyuka takwas, galibi da ƙarfin hannu. Dalmar da ke ƙasa ta ragu da kashi 89 cikin ɗari. Yara 2,349 suka sami magani. Alƙalamin da ya fi kowanne jan hankali kuwa shi ne na jinin yara tun ba a ba su ko ƙwaya ɗaya ba, wanda matsakaicinsa ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. Wannan ragi daga tsabtace muhalli da fitar da dutse daga gidaje ya samu, tun kafin likita ya buɗe jakarsa.

LAYIN DA AKE TA MATSAWA

Kada mai karatu ya ɗauka 15 lafiya ce. Tarihin wannan fanni na ilmi tarihi ne na likitoci suna gano cewa abin da suka ɗauka ba komai jiya, ashe yana da illa. A shekarun 1960 a Amurka sai jinin yaro ya kai 60 ake damuwa. Aka sauko 40 a farkon shekarun 1970, aka koma 30 a 1975, da 25 a 1985, da 10 a 1991, da 5 a 2012, har zuwa 3.5 a 2021. Wanda ya fara girgiza tsohon ra'ayi shi ne Dakta Herbert Needleman, wanda ya tattara haƙoran famfara na 'yan firamare fiye da dubu biyu a Jihar Massachusetts, ya auna dalmar da ke ciki, ya nuna a 1979 cewa yaran da haƙoransu suka fi dalma sun fi rauni a gwajin basira, malamansu kuma sun fi kuka da su, ko da yake ba wanda ya taɓa kwanciya ciwo a cikinsu.

A 2005 Dakta Bruce Lanphear da abokan aikinsa suka haɗa bayanan yara 1,333 daga bincike bakwai na ƙasashe daban-daban, suka gano wani abin mamaki, cewa asarar basira ta fi sauri a matakin farko, watau ƙasa da 10. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa ba a san wani adadi na dalma a jini da za a ce ba shi da lahani ba. A 2020 Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, da ƙungiyar Pure Earth suka ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kimanin miliyan 800, jininsa ya kai 5 ko ya wuce.

Ba ramin zinariya kaɗai ke kawo ta ba. An daina zuba dalma a man fetur a ƙasashen Afirka kudu da Sahara daga farkon 2006, a duniya baki ɗaya kuma a 2021, amma sauran ƙofofi a buɗe suke. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar ta ƙasar Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin baturan mota da ake yi a cikin unguwa don a sayar da dalmarsu. Akwai fenti mai dalma. Akwai kuma wadda ta fi kusa da ɗakin kowace uwa, watau tozali. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, wanda jininsa ya nuna 13. Da aka auna kwallin da ake sa masa a ido, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri ya kan murza ido ya kai hannu baki, ta nan take shiga.

ABIN DA YA RAGE

An so a ce Zamfara ta zama izina, amma a 2015 irin wannan ta sake aukuwa a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu, aka kuma jira har 2016 kafin a tsabtace ƙauyukan. A Zamfara ma an sami gidajen da aka kankare aka gyara, daga baya dutse ya sake shigowa dalma ta dawo. MSF ta miƙa aikinta ga hukumomin jihar a 2022, bayan ta auna jinin yara fiye da dubu takwas. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda rashin tsaro, ta ɗage haramcin a Disamban 2024, sa'an nan a watan Maris na 2025 farashin oza guda na zinariya ya haura dala 3,000. Duk mai hankali ya san inda wannan farashi zai tura matasan karkara.

Hani kaɗai ba zai raba talaka da rami ba, sai dai ya sa shi ya ɓoye buhun dutse a ɗakin kwana, inda yaro ke barci. Hanyar da bincike ya nuna tana aiki ita ce a gyara yadda ake aikin. A wani gwaji da aka yi da masu haƙar zinariya a Jihar Neja, wanda aka buga a 2019, fesa ruwa a kan dutse lokacin niƙa ya rage dalmar da ma'aikata ke shaƙa da kimanin kashi 95 cikin ɗari. Sauran matakan kuwa ba masu tsada ba ne. A keɓe wurin aiki nesa da gari da rijiya. Ma'aikaci ya yi wanka ya sake tufa kafin ya shiga gida, ya bar takalmin aiki a can. Turmi da injin da suka taɓa dutse kada su sake taɓa hatsi, buhun dutse kuma kada a zuba masa abinci. Yara da mata masu ciki kada su kusanci wurin. A wanke wa yaro hannu kafin ya ci abinci, a kuma raba jarirai da tozalin dutse.

Nauyin da ke kan hukuma ya fi wannan girma. Ya kamata kowane babban asibiti a yankunan da ake haƙar ma'adinai ya mallaki na'urar awon dalma a jini da kayan aikinta, da ma'aikacin da ya iya sarrafa ta, da ajiyar magani. Ya kamata ma'aikatun muhalli su mallaki na'urar awon ƙasa, su riƙa zagayawa da ita tun ba a ji kuka ba. Ya kamata dagatai da masu unguwanni su koma rubuta haihuwa da mutuwa, a kuma sami wanda aikinsa ne ya karanta abin da suka rubuta. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, waɗansunsu sun isa aure. Haƙƙinsu ne a bi sawunsu, a auna jinin 'yan matan idan sun sami ciki, a kuma taimaki waɗanda karatu ya gagara da sana'ar da za su riƙe kansu.

Ga mai karatu da ke zaune a inda ake fasa dutse ko ake narka batir, abin da zai riƙe kaɗan ne. Idan kaji da agwagi da awaki suka fara mutuwa ba dalili, ko yara biyu ko uku a unguwa ɗaya suka yi jijjiga maganin zazzaɓi bai yi musu aiki ba, kada a tsaya jiran na huɗu. A sanar da mai unguwa da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, a gaya musu irin aikin da ake yi a garin, a kuma nemi a auna jinin yaran da ƙasar gidan gaba ɗaya.